Naman da Ba Ya Riƙe Zare

Karo na uku ke nan zaren yana yaga naman. Neville Dunphy ya ajiye basilla, ya goge hannu a gaban rigarsa, ya tsaya yana hararar abin da ke kan katakon sara kamar ya zage shi. Fankiriyas ɗin rago ce, 'yar wata tsoka luɓu-luɓu da ke kwance bayan tumbi. Shekara arba'in yana fawa a Bindarra bai taɓa yi mata kallo biyu ba, fincike ta yake yi ya jefa a bokitin karnuka. Yau ga shi ya sa tabarau yana lallaɓa ta.

'Yarsa Tegan, wadda ta karɓi shagon tun da gwiwoyinsa suka fara gardama, ta leƙo da wuƙa a hannu.

"Baba, in wando kake ɗinka wa ragon nan, ai ya riga ya mutu."

"Je ki ji da masu sayayya."

"Me likitar ta ce ne? Mama ta ce komai lafiya."

"To ai kin ji," ya ce, ya sake zura zare.

Shi dai bai ga lafiyar ba. Da safiyar nan suka je Dubbo shi da matarsa Coralie, wajen Dakta Khoury, wadda za ta yi masa aiki a Sydney nan da kwana goma. Ƙari aka gano a kan fankiriyas ɗinsa, ɗan ƙarami, kuma an gano shi da wuri. Cire shi bai dami likitar ba. Abin da ta zana masa a takarda shi ne wurin da za ta ɗinke ragowar tsokar da hanji. Ta ce in ɗinkin ya yi yoyo, abin da ke fitowa ruwan narkar da nama ne, kuma ba ya tambaya ko naman rago ne ko na mai shi. Daga nan ta shiga lissafa masa abubuwan da ke jawo yoyon: taba, teɓa, rashin motsa jiki, ƙanƙantar hanyar ruwan da ke cikin tsokar, sai kuma tsokar ita kanta in ta cika taushi. Taba kam bai taɓa sha ba. Sauran duka ya kwashe su, kamar an yi rabo ba kowa a wurin sai shi.

"Taka tana da taushi ƙwarai, Mista Dunphy, haka hoton ya nuna," in ji ta. "Lafiyayya ce, shi ya sa. Lafiyayyar ce ta fi wuyar ɗinki."

Ya tambaye ta to wace iri ce mai sauƙi. Ta ce wadda ta shekara da shekaru tana kumburi tana warkewa, irin ta masu shan giya da yawa, takan taurare kamar ƙirgi, zare ya kama ta da kyau. Ta ci gaba da bayanin cewa su kuma waɗannan suna da nasu matsalolin da suka fi, amma Neville ya riga ya bar ɗakin da zuciyarsa. Ya tafi wajen Lindsay Brophy, yayan matarsa, mutumin da ya sha giyar da za ta cika madatsar ruwan gari. Shekara uku da suka wuce aka yi wa Lindsay irin wannan aikin, ga shi nan da ransa, yana ta cika wa mutane baki cewa ɗinkinsa ko ɗigo bai yi ba.

Abin da ya ƙara ƙona wa Neville rai shi ne Coralie. Ana maganar ransa, ita kuwa ta ƙura wa gwiwar hannun rigar sanyin likitar ido. Da suka miƙe sai ta ce a gafarce ta, wa ya yi wannan ɗinkin a hannun riga? Likitar ta yi dariya ta ce ita ce, rigar ta mahaifiyarta ce ba ta iya rabuwa da ita. Coralie ta nemi izini ta juya hannun rigar ta duba ciki, ta daɗe tana dubawa. A mota ba ta ce komai ba sai cewa daga yau zai riƙa tafiyar minti talatin kullum kamar yadda aka ce, ya kuma riƙa busa ɗan abin nan mai ƙwallaye uku da aka ba shi don huhu. Matar da ta shekara talatin tana ɗinkin rigunan amare, ko a ɗakin likita ba ta ganin komai sai zare.

Zaren ya sake yaga naman, karo na huɗu. Neville ya ajiye basilla. Tsoro yake ji, tsoron da bai taɓa ji ba, kuma ba na mutuwar kanta ba ne sosai. Coralie yake gani ita kaɗai a gidan nan mai ɗaki huɗu, tana kokawa da injin yankan ciyawar da ba ya tashi sai an yi masa dabara.

A kan kanta akwai kwalbar wuski da Tegan ke jiƙa wani nama da ita don 'yan birni masu wucewa. Ya dube ta, ya dubi katako. Ya ciro wata fankiriyas ɗin daga firji, ya sa a kwano, ya tuttula mata wuskin har ya rufe ta, ya zauna a kan akwatin katako yana duban agogo. Bayan awa guda tsokar ta yi fari-fari, ta ɗan ƙame. Ya soka basilla ya ja a hankali. Zaren ya zauna. Ya yi na biyu, ya zauna. A wajen Neville wannan ya fi duk hoton da asibiti zai ɗauka, don shi mutum ne da bai yarda da abin da bai taɓa da yatsa ba.

Matsalar ɗaya ce, kuma duk Bindarra an san ta. Uban Coralie giya ce ta cinye masa gona, ta cinye tumaki, ta bi da shi. Ranar da Neville ya nemi aurenta, a bayan cocin Methodist, ta ce ta yarda, amma ranar da ta ji warin giya a bakinsa ranar za ta ɗauki akwatinta. Akwatin yana nan a saman kabad, shuɗi, shekara arba'in da ɗaya, tana sauke shi tana goge masa ƙura duk Kirsimeti a gabansa. Bai taɓa kurɓa ba. Ko a bikin Tegan lemo ya ɗaga. Yanzu kuwa ya auna ya ga gara ta bar shi da ransa da ya bar ta da makoki.

Juma'a ce, kuma duk Juma'a da la'asar shagon Dunphy ke kai tiren naman da ake ƙuri'a a kansa a kulob, mashayar garin. Ya ce wa Tegan yau shi zai kai. Ta dubi kwalbar da ta yi rabi, ta dubi kwanon, ta miƙa masa tiren.

A kulob ya ajiye tiren inda aka saba. Maimakon ya juya, sai ya ja kujera a teburin da ke bakin taga, inda Lindsay da abokansa biyar suka kafa mulki tun kafin a sa wa ɗakin na'urar sanyi. Mai sayarwar ta riga ta ɗauko masa kwalbar lemon tsami kamar kullum.

"Giya za ki ba ni," ya ce.

Ɗakin ya yi tsit, har wanda ke wasan jifan allo ya tsaya da hannu a sama. Clarrie, tsohon mai askin tumaki da kunne ɗaya ya daina yi masa aiki, ya tambayi na kusa da shi ko ya ji daidai.

"Sarkin Fawa," in ji Lindsay, "ko dai ciwon ya hau kai ne?"

Neville ya yi musu bayani dalla-dalla, har da kwano da wuski. Bai gama ba Lindsay ya miƙe ya ɗaga riga ya nuna wa jama'a tabon da ya ratsa cikinsa, ya ce su shaida, shekara arba'in ana ce masa ɗan iska, ashe shiri yake yi. Ya ce zagayen farko nasa ne, ba mai riga shi wannan lada. Aka kawo kofi bakwai. Ka'idar teburin kuwa kowa ya san ta: wanda aka saya wa ba ya barin kofinsa, ba ya kuma tashi sai zagaye ya zo kansa ya saya wa kowa. Mutum ya guje wa zagayensa sau ɗaya a garin nan, jikokinsa ma sai sun ji labari.

Clarrie ya juya ɗan kwalin da ake ɗora kofi a kai, ya ari biro, ya shiga lissafin abin da Lindsay ya sha a rayuwarsa don a raba shi gida goma, yawan kwanakin da suka rage kafin aikin. Aka yi gardama kan ko za a sa shekarar da ya yi a gidan yari. Da ya gama ya cire tabarau ya ce in dai ana son aiki mai kyau, Sarkin Fawa zai riƙa shan kofi dubu takwas da ɗari bakwai da sittin a kullum, ban da Lahadi in yana son zuwa coci.

"Sai dai a jona masa tiyo," wani ya ce.

Aka kwashe da dariya. Neville bai yi ba. Ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya kai kusa da hanci, ya ji wani wari kamar na kwatar mayanka da rana tsaka. Ya rufe ido. Ya kai kofin bakinsa ya tsaya, har kumfa ta zubo masa a yatsu.

Lindsay ne ya fara daina dariya. Ya dubi hannun, ya dubi fuskar, ya gane mijin ƙanwarsa ba wasa ya zo yi ba. Ya ce a dakata masa, ba a fara shan farko ba tare da mai zagaye ba, shi kuma fitsari ya matse shi. Ya tafi bayan gida ya ɗan jima. Da ya dawo ya ja kujerarsa har gwiwarsu ta haɗu, ya rage murya.

"Ajiye tukuna, Nev. Ɗinkina bai yi yoyo ba, gaskiya ne. Sauran fa? Kwana na uku jikina ya nemi giya ya rasa, na ga kadoji a silin, sai da aka ɗaure ni a gado. Huhuna ya cika da ruwa. Sati bakwai. Kai ne kake kawo min romo a gora, ka manta?"

"Ba ka taɓa faɗa a nan ba."

"A nan? Wa ke zuwa nan don faɗar gaskiya?" Ya daki aljihun da allurar ciwon sukarinsa ke ciki. "Sau huɗu a rana nake soka wannan. Ita ma taurin ne ya ba ni."

Neville ya ce ya ji, amma shi ya gwada da hannunsa, kuma naman mai taushi ba ya riƙe zare. Ya sake ɗaukar kofin. A lokacin ne Clarrie, wanda ke fuskantar ƙofa, ya cire hularsa.

Coralie ba ta taɓa taka kulob ɗin ba, ko ranar da aka yi taron mutuwar ubanta a ciki. Ta shigo da gwangwanin biskit ɗinta na kayan ɗinki a hammata, da ƙunshin takardar shagon nama a hannu. Ta gaida yayanta, wanda ya kira ta a waya daga bayan gida, da harara kawai. Mazan suka matsa mata ba tare da an ce su matsa ba. Ta tsaya a kan mijinta, ta kama haɓarsa, ta sunkuya ta shinshina bakinsa a gaban kowa.

"Da sauranka," ta ce. Ta zauna.

Ta buɗe takardar. Tegan ta naɗo mata sabuwar fankiriyas, da guntun hanjin rago, da basillar Neville har da zarenta. Coralie ta ɗaga basillar da yatsa biyu ta nuna wa teburin.

"Da wannan ka gwada, Baban Tegan? Wannan ai buhun ulu ake ɗinkewa da ita."

Ta zaɓo wata allura da sai an karkata ta a haske ake ganinta, ta zura zaren siliki a karo ɗaya ba tabarau. Ta sa Lindsay ya riƙe mata hanjin, ta ce in ya yi rawa za ta haɗa da yatsansa. Daga nan ta fara. Ɗinki ƙanana-ƙanana, kusa da juna, ba ta ja, sai ta kwantar da zaren ta danna da babban yatsa ta wuce gaba. Mutanen da ke kallon tseren dawaki a talabijin suka baro shi suka zagaye teburin. Tana yi tana magana, ba ta ɗago ba. Ta ce duk wanda ya iya riƙe allura zai ɗinka tamfol, amma ita shekara talatin tana ɗinka yadin da numfashi ma ke yaga shi, kuma ba amaryar da rigarta ta taɓa buɗewa a coci. Ba a taurara siliki don a ɗinka shi, hannu ake nema masa.

Da ta zagayo ta ƙulle, ta yanke zaren da ɗan almakashi. Ta miƙa wa mijinta ta ce ya ɗaga. Ya kama bakin hanjin ya ɗaga, tsokar ta yi lilo a ƙasa ba ta saki ba. Ya girgiza. Ya kai kusa da tabarau ya bi ɗinkin da yatsa, irin bin da yake yi wa naman da yake zargi, bai sami inda zai kushe ba. Clarrie ya nemi a cika hanjin da giya a ga ko zai yi yoyo, aka ce ya rufe baki.

"To, ai ke ce," in ji Neville a hankali. "Ba ke za ki shiga ɗakin aikin ba."

"Kana tsammanin don son gulma na juya hannun rigar yarinyar nan?" Ta goge allurar ta mayar. "Ulun ya tsufa, ya ruɓe, in ka hura shi sai ya watse. Ta cike rami kamar faɗin ƙwai, ta ciki ma ban ga inda ta fara ba. Ni ban iya wannan ba, Nev. Ta fi ni."

A shekara arba'in da ɗaya bai taɓa jin ta ce wani ya fi ta ɗinki ba. Tsoron da ya biyo shi tun Dubbo ya sauka, har ya ji kunya ta maye wurin. Ya ture kofin. Lindsay ya miƙa hannu yana cewa shi dangi ne, shi ya kamata ya ɗauke wa gidan wannan nauyi. Coralie ta buge hannun, ta ɗauki kofin ta juye a tukunyar furen da ke bakin taga. Ka'idar ta maza ce, ba ta hau kanta ba.

Amma ta hau kan Neville. Clarrie ya tuna masa cewa an saya masa, don haka ba tashi sai ya yi nasa. Neville ya ce ai ya sani, ya je kanta ya dawo da kofi takwas na lemon tsami, ya jera wa kowa nasa, har da Coralie. Aka yi ta kallon kofunan kamar an kawo maganin tsutsa. Lindsay ya ce a tarihin teburin nan ba a taɓa yin wannan cin mutunci ba. Amma abin da aka saya maka ba ka barinsa, haka suka sha, suna yamutsa fuska, Clarrie har da toshe hanci.

A waje rana ta yi sanyi. Neville ya nufi mota, Coralie ta ce a bar ta nan, Tegan ta zo ta ɗauka, minti talatin aka ce. Suka bi gefen layin dogo, shi yana haki, ita da gwangwani a hammata. Sai da suka wuce rumbun alkama ya kama hannunta, abin da ya daɗe bai yi a titi ba. Hannun da ya yi ɗinkin nan ya damƙe nasa gam.

"Da na sha, da kin sauko da akwatin?" ya tambaya.



"Da Yaya ya kira ni, sai da na buga wa asibitin na tambaya ko abin yana aiki. Suka ce a'a, ya ma fi haɗari." Ta gyara riƙon gwangwanin. "Da sun ce i, da ni zan ɗura maka da mazurari."

Suka iso ƙofar gidansu, ya miƙa hannu zai buɗe ƙyauren. Ta duba agogo, ta ja shi suka wuce.

"Saura minti goma sha ɗaya," ta ce.